Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Abinci Da Karayar Ƙashin Cinya A Wajen Tsofaffinmu

Wataƙila ki yi mamakin ganin maganar karayar tsofaffi a shafin da aka saba kawo miki bayanin laulayi da shayarwa da rigakafin yara. Dalili kuwa shi ne, a yawancin gidajenmu idan haihuwa ta matso akwai dattijuwar da ake aika wa ta zo, ko mahaifiyarki, ko uwar mijinki, ko gwaggo, ko kaka. Ita ce mai tashi tun asuba ta hura wuta, ta kai ruwan zafi makewayi a kan jiƙaƙƙen daɓe, ta yi wa jariri wanka, ta dama miki kunu. Idon kowa a gidan yana kan kwanon maijego, kuma haka ya kamata, amma da wuya a sami mai leƙa kwanon tsohuwar ya ga me ta ci.

Abin da nake son in jawo hankalinki da na maigida a kai shi ne: idan tsoho ya faɗi ya karye a cinya, ƙarfin da ke jikinsa kafin faɗuwar da abincin da ya shiga cikinsa bayan tiyata suna daga cikin manyan abubuwan da ke nuna ko zai tashi ko kuwa kwanciyar ke nan. Likita ne zai gyara ƙashin, wannan aikinsa ne. Ciyarwa kuwa a hannun iyali take, kuma a ganina ya kamata mu ɗauke ta da muhimmancin da muke ba allura da ƙwayar magani.

Wace irin karaya ce wannan?

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jikin ɗan Adam. A wajen matashi sai babban haɗari irin na mota ko babur ke karya shi. A wajen tsoho kuwa, musamman macen da jinin al'ada ya daɗe da ɗauke mata, ƙashin kan zaizaye daga ciki kamar iccen da gara ta ci, ta yadda santsi a banɗaki ko tuntuɓe da bakin tabarma ya isa ya karya shi. Ya fi karyewa can sama wajen wuyansa, kusa da inda kansa ya shiga cikin ƙugu. Za ku ga tsohuwa ta kasa taka ƙafar, tana kukan ciwo a matsematsi ko a katara, sau da yawa kuma ƙafar takan gajarce ta juya waje.

Masu ɗori sun daɗe a cikin al'ummarmu kuma mutane sun yarda da su, amma wannan wuri yana can ƙarƙashin tsoka mai kauri, babu karan da za a ɗaura daga waje ya riƙe shi. Maganinsa tiyata ce: ko a haɗa ƙashin da ƙusoshi da ƙarfe, ko a cire kan da ya karye a sa na ƙarfe a madadinsa. Ana yin wannan aiki a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙashi irin na Dala da ke Kano. Manufar ita ce a rage zafin ciwo, a kuma tayar da majinyaci daga gado da wuri. Shi ya sa ƙa'idar likitoci a Birtaniya ta ce a yi aikin ranar da aka kwantar da mutum ko washegari, ta Amurka kuma ta ce cikin awa 24 zuwa 48.

Duk da haka karaya ce mai haɗari. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa cikin kowane tsofaffi 100 da suka yi irin ta, kimanin 20 zuwa 30 ba sa cika shekara a raye. Kuma yawanci abin da ke biyo bayan kwanciyar ne ke kai su: ciwon nimoniya, gyambon kwanciya a baya da ɗuwawu, wurin ɗinki ya yi ruwa, gudan jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, ko zuciya ta gaza. Duk waɗannan sun fi samun jikin da ya rame.

Abin da bincike ya gano

A shekarar 1983 likitoci a garin Notingham na Ingila suka auna tsofaffin mata 744 da aka kawo da irin wannan karaya, suka kasa su gida uku bisa kaurin dantse da kitsen jiki. A cikin masu cikakken jiki, kimanin 4 cikin 100 ne suka rasu a asibiti. A cikin ramammu 8 cikin 100. A cikin waɗanda suka rame ƙwarai kuwa 18 cikin 100. Karaya iri ɗaya, asibiti ɗaya, amma sakamakon ya bi yanayin jikin da kowace ta zo da shi.

A 2017 aka fitar da wani binciken a Amurka kan tsofaffi sama da 17,000 da aka yi wa wannan tiyata. An duba wani sinadarin furotin da ke cikin jini mai suna albumin, wanda hanta ke sarrafawa. Kusan rabinsu sun zo da shi ƙasa da yadda ya kamata. A cikin waɗannan, kimanin 10 cikin 100 suka rasu kafin cikar kwana 30, alhali a cikin sauran bai kai 6 cikin 100 ba. Albumin kan sauka saboda wasu cututtukan ma, ba yunwa kaɗai ba, amma idan likita ya ce ya yi ƙasa, ku sani jikin yana buƙatar kulawa ta musamman.

Sai tambaya ta gaba: idan an ƙara abincin, ana ganin bambanci? A 1990 a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan, an ba wasu tsofaffi masu wannan karaya kofi ɗaya a kullum na wani abin sha mai ɗauke da furotin giram 20, ƙari a kan abincin asibiti, har kimanin wata guda. Zamansu a asibiti ya tsaya a wajen kwana 24, na waɗanda ba a ba su ba kuwa ya kai wajen kwana 40, kuma matsalolin da suka biyo baya sun fi yawa a wajen waɗanda ba su sha ba.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na garin Kadif a yankin Wales na Birtaniya, wanda aka buga a 2006. A nan ba wani sabon magani aka kawo ba. An ɗauki ma'aikata ne waɗanda aikinsu kawai shi ne su zauna da tsofaffin matan lokacin cin abinci, su tambaye su abin da suke marmari, su gyara musu zama, su yayyanka musu abincin, su ba wadda ba ta iya ci da kanta a baki. A cikin matan da suka sami wannan kulawa, kimanin 4 cikin 100 suka rasu a ɗakin jinya, a cikin waɗanda ba su samu ba kuwa kimanin 10. Bayan wata huɗu lissafin ya zama kimanin 13 da 23.

Gaskiya ita ce ba kowane bincike ne ya sami irin wannan sakamako ba. Da masana suka tattara gwaje-gwaje masu yawa wuri ɗaya a 2016, sun ga alamar ƙarin abinci yana rage matsalolin bayan tiyata, amma hujjar cewa shi kaɗai yana hana mutuwa ba ta yi ƙarfi ba. Saboda haka ba na cewa ƙwai da nono za su tayar da kowane majinyaci. Abin da nake cewa shi ne, ramammen jiki ya fi shiga haɗari, wannan babu gardama, kuma ciyar da shi ba ya cutarwa, ba ya buƙatar wata na'ura. Abin da Turawan Kadif suka ɗauki ma'aikata suna biyansu albashi a kai, mu Allah ya hore mana shi kyauta, domin da wuya ka ga gadon tsohuwa a asibitinmu babu 'ya ko jika ko suruka a gefensa.

Me ya sa abinci ke da wannan tasiri?

Karaya da tiyata gini ne jiki yake yi. Zai haɗa ƙashi, ya rufe wurin da aka yanka, ya mayar da jinin da ya zuba, ya kuma yaƙi ƙwayoyin cuta. Tubalin wannan gini shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki. Idan bai zo ta baki ba, sai jiki ya juya ya riƙa cin tsokarsa. Ga shi kuma kwanciya kanta tana zaftare tsoka. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2007 ya nuna cewa tsofaffi masu ƙoshin lafiya da aka kwantar kwana 10 kacal sun yi asarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu. To ina ga wadda dama fata ce da ƙashi?

Idan tsoka ta tafi, ƙafa ba ta iya ɗaukar jiki ranar da masu gashin ƙashi suka zo tayar da ita. Ƙirji ba ya samun ƙarfin tarin da zai fitar da majina, sai nimoniya ta samu wuri. Fatar baya ba ta da matashin da zai kare ta daga katifa, sai gyambo ya ɓullo. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kwanon dubiya

Ku duba abin da muke tarawa a gefen gadon majinyaci: lemon kwalba, biskit, burodi, farin koko, shayi mai sukari. Duk suna cika ciki, amma furotin ɗin da ke cikinsu kaɗan ne. Wasu kuma hankalinsu kan kwanta da zarar sun ga an ɗaura ƙarin ruwa, suna zaton abinci ne ke shiga. Ledar rabin lita ta ruwan sukari da aka saba ɗaurawa giram 25 na sukari ne a cikinta, wato kimanin cokalin shayi 6, babu furotin ko ɗigo. Ta ruwan gishiri kuwa ko sukarin babu.

Masana abinci sun ce tsohon da ke jinya yana buƙatar furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Tsohuwa mai kilo 50 tana neman giram 60 zuwa 75 ke nan. Ga yadda za a kusanci hakan da abincinmu na gida: ƙwai biyu suna ba da kimanin giram 12, kofin nono ko kindirmo ko madara giram 8, kofin dafaffen wake giram 13, yankan kifi ko nama kamar tafin hannu giram 20. Sauran kuma ya fito daga tuwo da kunu da miya. Alale, ƙosai, awara, kunun gyaɗa, fura da nono, faten wake, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, farfesun hanta, dambun kifi, duk suna da amfani. Idan majinyaciyar tana da ciwon ƙoda ko ciwon sukari, sai a nemi likita ko jami'in kula da abinci ya tsara mata, kada a yi gaban kai.

Uzurorin da aka saba ji

Na farko shi ne, ai Inna ba ta son cin abinci. Haka ne, ciwo da magunguna da tsufa duk suna kashe sha'awar abinci. Amma idan jariri ya ƙi kama nono ba ma cewa a ƙyale shi. A daina tula mata kwano, a ba ta kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini. A tayar da ita zaune kafin ta ci. Idan haƙora sun zube a niƙa, a dama, a tausasa. A zuba madara ko garin gyaɗa ko na waken suya a cikin kunun da take so. A ware mutum ɗaya wanda zai san abin da ta ci tun safe har dare, ya faɗa wa nas idan ta wuni ba ta ci rabin abincinta ba. Idan tana ƙwarewa ko tari lokacin haɗiya, a dakata a kira ma'aikatan jinya. A kula kuma da ruwan sha, domin tsofaffi da yawa kan ƙi sha don kunyar a kawo musu fo a gaban mutane.

Na biyu shi ne babu hali. Wannan magana ce mai nauyi, domin kuɗin tiyata da ƙarfe da magani kan girgiza gida, ballantana gidan da ke shirin suna. Amma wake da waken suya da gyaɗa da busasshen kifi da nono ba su kai nama tsada ba. Kuɗin katan ɗin lemo da 'yan dubiya ke kawowa zai sayi ƙwai masu yawa. Maigida, kada ka ji nauyin gaya wa 'yan'uwa abin da za su riƙo idan za su zo. Kuma kowace ranar da aka ƙara a asibiti saboda ciwo ya yi ruwa ta fi kuɗin ƙwan tsada.

Na uku, a wasu gidajen akan hana mai ciwo ƙwai ko gyaɗa ko wake, wai suna sa ciwo ya yi mugunya. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya, kuma jikin da aka hana furotin shi ya fi kasa yaƙar su.

Na huɗu shi ne, a bari ta ɗan murmure tukuna kafin a yi mata aiki. Wannan kuskure ne mai haɗari. Mai karaya ba ta murmurewa a kwance, kullum ƙara zubewa take yi. A yi aikin da wuri, a ciyar kafin aiki da bayansa. Game da hana cin abinci gab da shiga tiyata, a bi abin da likitan da ke sa barci ya faɗa. Ƙa'idar da aka saba ita ce awa 6 ga abinci, awa 2 ga tsabtataccen ruwa. Idan aka ɗage aikin zuwa wata rana, ku tambaya nan take ko za ta iya ci, kada ta wuni da yunwa a banza.

Akwai kuma masu cewa ai ta tsufa, in kwana ya ƙare ya ƙare. Rai a hannun Allah yake, babu mai musun haka. Amma neman magani umarni ne, kuma ciyar da iyaye a lokacin rauninsu yana cikin haƙƙinsu a kanmu. Dattijuwar da ta saba azumin Litinin da Alhamis ma a lallashe ta ta dakata har ta warke, addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Tun kafin a faɗi

Ramar tsoho ba ta zuwa dare ɗaya. Idan zobe ya fara zamewa daga yatsa, awarwaro yana hawa har gwiwar hannu, kumatu sun faɗa, tana dafa bango kafin ta miƙe, to lokaci ya yi da za a kai ta a auna nauyinta, a duba jininta da haƙoranta da idanunta. Tsofaffinmu mata sun saba ture naman da ke kwanonsu su ba jikoki, su ce su sun ƙoshi. Ku lura da wannan. A gyara santsin banɗaki, a sa fitila a hanyar makewayi, a kawar da igiya da turmi daga tsakar gida, a yi aikin yanar ido idan likita ya ce a yi. Idan ta zo wankan jego, a sami yarinya mai ƙarfi ta riƙa ɗaukar mata tukunyar ruwa. Kuma duk abin da aka dafa wa maijego a zuba mata nata.

Ke ma maganar ta shafe ki

Ƙashin da mace za ta dogara da shi a shekara 70, tun tana yarinya take tara shi, kuma ginin kan kammala ne wajen shekara 30. Jaririn da ke cikinki zai ɗauki kimanin giram 30 na sinadarin kalsiyam don gina nasa ƙashin, mafi yawa a watanni ukun ƙarshe. Lokacin shayarwa ma jiki kan ranci kalsiyam daga ƙashinki ya zuba a nono, sannan ya mayar bayan yaye. Saboda haka wannan ba dalilin rage shayarwa ba ne. Dalili ne na cin abinci mai kyau da ba da tazara tsakanin haihuwa, domin jiki ya sami damar biyan bashin. Amaryar da ta sami ciki tana ƙasa da shekara 20 ta fi kowa buƙatar wannan kulawa, don ita kanta ba ta gama gina nata ƙashin ba.

Abincinmu na yau da kullum yana da ƙarancin kalsiyam. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya gano cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe kimanin miligiram 200 kawai suke samu a rana, kuma da aka ba su kalsiyam ƙashinsu ya fi saurin gyaruwa fiye da waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Babban mutum kuwa yana neman wajen miligiram 1,000. Ki riƙa shan nono da kindirmo, ki yawaita miyar kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifin da ake ci har da ƙaya. Ki riƙa fitowa tsakar gida rana ta taɓa jikinki, don ta haka fata ke samar da bitamin D, ki fito da tsohuwar ma ta sha hantsi. Idan an ba ki ƙwayar kalsiyam a wajen awo ki sha yadda aka ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba masu ciki a wuraren da abinci ke da ƙarancinsa don rage haɗarin hawan jini da jijjiga. 'Ya'yanki mata kuma kada a tauye musu rabonsu na ƙwai da nono da nama, su ne kakannin gobe.

Idan Allah ya ƙaddara wani dattijo ya faɗi a gidanku ya kasa taka ƙafa, ku kawo shi asibiti a ranar, kada a tsaya jan ƙafar ko murza ta. Ku gaya wa likita idan ya rame a watannin baya, ku tambayi abin da zai ci da lokacin da zai fara ci. Bayan an sallame ku kuma a ci gaba da ciyarwar da atisayen da aka koya muku har watanni, domin warkewar ƙashi ba ta ƙarewa ranar da aka cire zare.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa, ya ba iyayenmu da kakanninmu lafiya da tsawon rai mai albarka, amin.